Yadda ake koyon tutocin filin tseren mota kafin a taka totur

Direban da ya sa hular kwano, injin na kuka a kunnensa, ba ya jin ihun kowa. Da tuta masu kula da fili suke yi masa magana. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato idan ka hango tuta daga mita 80, ba ka da cikakkun daƙiƙa uku kafin ka iso ta. Wannan ba lokacin tunanin "wai rawaya me take nufi?" ba ne. Dole ƙafa ta san aikinta tun daga gida.

Ma'anonin da ke ƙasa na FIA ne, hukumar tseren mota ta duniya wadda aka kafa a Paris a 1904, kuma a kansu yawancin ƙungiyoyin tseren mota da na katin (ƴan ƙananan motocin tsere marasa rufi) suke gina dokokinsu. Sun shafi fili rufaffe wanda aka ba da izinin a yi gudu a cikinsa. Gudron ɗin Yamai ba filin tsere ba ne.

Fara da wurin tsayuwar masu tuta, launi ya biyo baya

Sababbin direbobi sukan haddace launuka tsaf, sai su shiga fili su wuce tuta ba su ma gan ta ba, domin idonsu na kan hancin mota. Maganin wannan shi ne tafiya a ƙasa. Ka iso da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka zagaya filin da ƙafa, da takarda da biro. Zana filin, ka sa alama a duk inda mai tuta zai tsaya, ka rubuta ko a dama yake ko a hagu. A ƙa'idar FIA, tsakanin wurin tsayuwa da na gabansa bai kamata ya wuce mita 500 ba. Zagaye biyu na farko a cikin mota, ka yi su a sannu, ka kalli kowane mai tuta ido da ido. Daga nan sai ya zama al'ada: duk fitowa daga kwana, ido ya fara zuwa wurin mai tuta na gaba, sannan ya dawo kan hanya.

Rawaya

Ita za ka fi gani, kuma a kanta aka fi yin kuskure. Rawaya ɗaya ana kaɗawa tana nufin akwai haɗari a gefen hanya ko ya ɗan shigo cikinta: rage gudu, kada ka wuce kowa, ka shirya kaucewa. Rawaya biyu a hannun mutum ɗaya kuwa al'amarin ya fi haka. Ko dai an toshe hanya, ko akwai mutane suna aiki a kanta. A nan rage gudun na gaske ne, irin wanda za ka iya tsayawa cak idan ta kama.

Dokar tana fara aiki daga wurin da aka nuna rawaya, ba ta ƙarewa sai ka wuce wurin da aka nuna tsanwa, tutar da ke cewa hanya ta buɗe. Mutane da yawa da zarar sun wuce motar da ta lalace sai su buɗe wuta, alhali wata tana iya kasancewa a gicciye bayan kwana. Jira tsanwa.

Kuskure na biyu shi ne taka birki da ƙarfi don firgita. Na bayanka yana iya zama bai ga tutar ba tukuna. Leƙa madubi, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka yi birki mota tana miƙe. Idan ka saki totur gaba ɗaya a tsakiyar kwana, nauyin mota yana komawa kan tayoyin gaba, baya ya yi sauƙi ya zame, sai ka zama haɗari na biyu. Kada kuma ka zuba wa motar da ta faɗi ido: hannu yana bin ido ne, ka kalli ratar da za ka bi. Mai katin kuma ya ɗaga hannu ɗaya sama don na baya ya san ya rage.

Ko ƙwararru wannan tuta ta shafe su. A Suzuka ta Japan, ran 5 ga Oktoba 2014, direban gasar Formula 1 Jules Bianchi ya zame a cikin ruwan sama a wurin da ake kaɗa rawaya biyu, ya daki motar da ke janye wata mota, ya rasu a Yuli 2015. Bayan haka ne Formula 1 ta kawo tsarin da ke tilasta wa kowa rage gudu zuwa wani ma'auni, ba a bar wa direba ya kimanta da kansa ba.

Akwai kuma rawaya mai jajayen ratsi, wadda ake riƙewa ba a kaɗawa. Tana cewa hanya ta yi santsi, da baƙin mai ko ruwa. A wajenmu ƙara da rairayin da iska ke kwasowa ta zuba a kan kwalta. Ba ta hana wucewa, amma ka fara birki da wuri. Idan an sauke ta bayan ƴan zagaye, ba lallai santsin ya tafi ba, an ɗauka kowa ya riga ya sani ne.

Ja, shuɗiya da fara

Ja ta dakatar da komai. Rage gudu nan take, ba wucewa, ka koma sitan, wato layin da motoci ke shiga su tsaya. Wasu filayen ƴan koyo kuma so suke ka tsaya a gefe inda mai tuta ke ganinka. Saboda wannan bambanci, tambaya ta farko a taron bayanin safe ita ce: "Malam, in an ɗaga ja, mu koma sitan ko mu tsaya?" Kada ka fito daga mota ko ka cire hula sai an ce maka.

Shuɗiya tana cewa wanda ya fi ka gudu yana bayanka. Kada ka fizgi sitiyari don ba shi hanya, domin shi ya riga ya zaɓi inda zai bi bisa layin da ya ga kana kai. Riƙe layinka, a miƙaƙƙen wuri ka ɗan sassauta totur ya wuce. Idan ka gan ta a bakin fita daga sitan, motoci na tafe ne.

Fara kuwa, a tsarin FIA, mota ce mai tafiyar hawainiya a gabanka, kamar motar asibiti ko wadda injinta ya gaza. Masu kallon tseren Amurka a waya su kula: a can fara zagayen ƙarshe take nufi.

Waɗanda ke zuwa da lambarka

Uku ne, ana nuna su tare da allo mai lambar mota. Baƙa: shiga sitan a wannan zagayen. A tsere sau da yawa kora ce, a ranar gwaji kuwa magana ake son yi da kai. Baƙa mai da'ira ruwan lemu a tsakiya: motarka na da matsalar da kai ba ka gani, tiyo ya fashe yana zubar da ruwa ko salansa na lilo. Sauka daga layin da kowa ke bi kada ka shafe shi da mai, ka shiga a duba. Rabi baƙi rabi fari, an raba daga kusurwa zuwa kusurwa: gargaɗi ne kan mugun tuƙi, sau ɗaya ake nuna shi.

Mai gidan dara, fari da baƙi, ta rufe zama. Ba a birki a kan layin ƙarshe. Kammala zagayen a sannu, birki da injin su huce, abin da ba a wasa da shi a zafin Afrilu da Mayu.

Atisaye a gida

Yanka kwali goma, ka shafa wa kowane launinsa. Wani ya riƙa ɗaga maka su ba a jere ba, kai kuma ka faɗi abin da za ka yi, ba sunan launi ba: "rage, ba wucewa", "riƙe layi". Idan amsa ta fi daƙiƙa ɗaya, a sake. In ya zauna, a maimaita kana wani aiki da hannu, domin a fili hankalinka a rabe zai kasance.

Masu shirya taro kuma, kowane tela a Babbar Kasuwa zai ɗinka tutocin in an ba shi awo: aƙalla santimita 60 da 80, ja da mai gidan dara 80 da 100, da'irar ruwan lemu kuma faɗinta santimita 40. A zaɓi yadi mai launi mai ƙarfi. Rawaya da ta koɗe ɓacewa take yi cikin hazon hunturu, ja kuma tana sajewa da jar ƙasa idan tudu ne a bayan mai riƙe ta. A tsayar da mai tuta bayan kariya, inda rana ba ta bayansa da la'asar, kuma kada rigarsa ta zama ja ko rawaya.