Darasi Na Bakwai: Gwada Sabuwar Manhaja A Waya

Waɗanda suka riƙe waya wajajen 2012 ba su manta da 2go ba. Daga baya aka koma WhatsApp da Facebook, yanzu kuma yara ba su da zance sai TikTok. BBM da ake tinƙaho da ita an rufe ta a 2019. Manhaja tana zuwa, tana kuma shuɗewa, don haka kada ku bar hotunan biki ko lambobin masu sayen kayanku a wuri ɗaya kawai. Lambobi masu muhimmanci, ku rubuta su a littafi.

Idan za ku sauke sabuwar manhaja, ku shiga Play Store da kanku ku nemo ta. Wadda aka turo muku a guruf, aka ce "danna nan ka samu data kyauta", ku ƙyale ta.

Ku karanta wannan hira ta wata mai ɗinki a Tudun Wada da ɗanta:

"Umma, ga Telegram na sa miki. Ki riƙa tura hotunan ɗinki a can."

"To, me take tambayata kuma?"

"Izini take nema, ta ga hotuna da lambobin da ke wayarki, ta kuma san inda kike."

"Hotuna na gane. Inda nake fa, ina ruwanta?"

"Wannan ki hana ta, Umma. Ba zai hana ta aiki ba."

Uwar nan ta yi tambayar da ta dace. Manhajoji da yawa sukan nemi izinin kamara, ko makirufo, ko sanin inda kuke. Ku ba da wanda aikinku yake bukata, sauran ku hana. Ranar farko kuma kada ku fara da hoton iyali ko katin shaida. Ku ɗauki hoton atamfa ko buhun masara, ku tura wa mutum ɗaya da kuka yarda da shi, ku tambaye shi ko ya gani. Da tsohuwar zuma ake magani: WhatsApp ɗin da kuka saba da shi kada ku goge shi tukuna.

Yanzu ga inda mutane suka fi asara. Lokacin rajista, WhatsApp kan turo lambobi 6 ta tes. Waɗannan lambobi naku ne ku kaɗai. Wani zai kira da murya mai daɗi, ya ce daga guruf ɗin adashe ne ko na makarantar Islamiyya, za a yi taro, ku karanto masa lambobin. Da kun karanta, ya ƙwace muku WhatsApp, ya shiga roƙon 'yan uwanku kuɗi da sunanku. Haka ma BVN da NIN, masu lambobi 11 kowannensu, da lambar sirrin katin banki, duk naku ne ku kaɗai. Ko mai gyaran waya a Kasuwar Sheikh Gumi ne yake sa muku manhajar, ku karɓi wayar ku shigar da lambar da hannunku.

Bidiyo yana shan data sosai. In wanda za ku ba yana zaune kusa da ku, Xender ko Bluetooth sun isa, ba sai da data ba.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya tura wa abokin zamansa saƙon murya yana faɗin sana'arsa da unguwarsu, sannan ya rubuta saƙon da aka turo masa a littafi. Bayan haka ku buɗe manhaja ɗaya tare da malami, ku duba izini nawa kuka riga kuka ba ta.