Yadda na gano abin da ke shanye ƙafafun kajina

Kajin ƙwai na zuba a bayan gidanmu da ke unguwar Arkilla a Sakkwato. Suna cika mako 12 sai na tarar da ɗaya kwance, ƙafa guda ta miƙe gaba, ɗayar baya, kamar mai shirin tsallake kwata. Kafin kwana uku sun zama bakwai. Na ɗauka ƙarancin bitamin ne, na yi ta ɗura musu. Asarar kuɗi kawai.

Ranar Litinin na sa biyu a kwali na kai wa likitan dabbobi. A gabana ya feɗe ɗaya. Hantar ta kumbura, da fararen ƙulle-ƙulle kamar an watsa mata gero. Ya ce wannan bai isa shaida ba, don cutar lukosis ma haka take yi wa hanta. Sai ya buɗe cinyoyin ya nuna min jijiyoyin: ta dama siririya fara tas, ta hagu ta yi kauri ta dishe.

"Alhaji, cutar Marek ce. Lukosis ba ta kumbura jijiya, kuma galibi sai kaza ta haura mako 16."

Cutar Marek ba ta da magani. Bairos ne, a cikin ƙurar gashin kaji yake yawo. Na cire marasa lafiyar, da kajin suka ƙare na wanke ɗakin na yi feshi. Wanda ya sayar min da 'yan tsakin ya rantse an yi musu rigakafi, amma takarda ban gani ba. Sabon zubi kam sai da na ga shaidar allurar ranar ƙyanƙyasa, kuma ɗakinsu daban.