Auna kulofeniramin da rinin buromokiresol kore

A ruwa mai tsami, kulofeniramin, maganin nan na ƙaiƙayi da atishawa, kan ɗauki cajin lantarki na fozitif (+), rinin kuma cajinsa kishiya ne. Sai su manne, su koma cikin kulorofam, wani ruwan sinadari da ba ya gauraya da ruwa, da launin rawaya. Ƙarfin launin shi ke nuna yawan maganin.

A auna nauyin ƙwayoyi 20, a niƙa, a narkar da garin da ke ɗauke da miligiram 10 na maganin a ruwan da aka tace mililita 100, a tace. A zuba mililita 1 a mazurarin rabewa, a ƙara mililita 3 na bafa (ruwan da ke hana tsami canzawa) mai pH (ma'aunin tsami) 3.5, da rini mai kashi 0.05 cikin ɗari mililita 3, da kulorofam mililita 10. A girgiza minti 2, a bari su rabu. Kulorofam ne a ƙasa. A bi da shi ta busasshen sodiyam salfet (gishiri mai tsotse ruwa), a karanta ƙarfin launin a na'urar auna haske (sifektirofotomita), a tsawon zangon haske wajen nanomita 415, bayan an saita na'ura da haɗin da ba magani. A gwada da jerin tsantsar magani da aka san ƙarfinsa.

Galibi pH ke ɓata aiki: in ya haura, wato tsami ya ragu, rinin kan koma shuɗi ya zauna a ruwa, sakamako ya faɗi. Ɗigon ruwa a kulorofam kuwa gurɓata shi yake, karatu ya hau. Kulorofam na cin roba, sai kwalbar gilashi mai murfi, kuma a ƙarƙashin injin zuƙar iska. Maganin tari na ruwa ya fi wuya, don dekisitirometofan, sinadarin hana tari da kan zo a cikinsa, shi ma kan kama rinin.