Yadda nake koya wa ɗalibai hasashen sauyin yanayi

Malamai 'yan uwana, in za ku shiga darasin nan, kada ku fara da dusar ƙanƙarar da ke narkewa a can nesa. Ku fara da kogin Kaduna, wanda yaran suka ga yana cika yana shiga gidaje da damina.

Ni taswirar Najeriya nake zanawa a allo, in yanka ta gida-gida kamar dara. Kowane yaro ya ɗauki gida ɗaya, ya rubuta zafi, iska da ruwan sama a takarda, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka kwamfuta ke yi wa duniya baki ɗaya da lissafin kimiyya, ta yi ta maimaitawa har ta hango shekaru masu zuwa. Da kansu suke gane cewa in gidajen taswirar suka yi girma, unguwannin Kawo da Barnawa na Kaduna sai su zama abu ɗaya, shi ya sa ba a iya cewa ga unguwar da ruwa zai ci.

Sannan ku ba su wannan: duk ƙarin zafi na digiri 1 a ma'aunin Celsius, iska kan riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Ruwan sai ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Wallahi wasu yaran suna tsorata, don haka nakan ba su aikin yi. Mun yanke gorar roba, muka manna mata rula, muka ajiye a fili nesa da indararo. Kullum da safe mutum ɗaya ke auna ruwan, mu kwatanta da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya.