Yadda Ake Sarrafa Aikatau na Sifaniyanci a Shuɗaɗɗen Lokaci

Wannan lokaci, da ake kira pretérito, na aikin da aka yi aka gama ne.

1. Dubi ƙarshen aikatau ɗin, ko -ar ne, ko -er, ko -ir. Cire shi, saiwa ta rage: hablar, yin magana, ya koma habl-.

2. Ga -ar, ɗafa -é, -aste, -ó, -amos, -asteis, -aron: hablé na yi magana, hablaste ka yi, habló ya yi ko ta yi, hablamos mun yi, hablasteis kun yi, hablaron sun yi.

3. -er da -ir ɗafi ɗaya suke ɗauka: -í, -iste, -ió, -imos, -isteis, -ieron. Comer, ci, ya ba da comí, comiste, comió.

4. Kada ka manta alamar kan wasali, nan aka fi tuntuɓe. Hablo "ina magana" ne, habló kuwa "ya yi magana". A furuci ma sai ka danna gaɓar ƙarshe.

5. Aikatau mai ƙarewa da -car, -gar ko -zar yana sauya rubutu a "ni" kaɗai, don sautin ya tsaya: buscar, nema, ya ba da busqué; llegar, isowa, llegué; empezar, farawa, empecé.

Hablamos da vivimos (daga vivir, rayuwa) ba su bambanta da lokaci na yanzu ba, sai kalma kamar ayer, wato jiya, ta raba gardama. A Latin Amurka kuma ba a cewa hablasteis. Ustedes hablaron ake cewa, ustedes na nufin "ku".