Mai lamba 2 a zari-ruga: kurakuran da sababbi ba sa gajiya da yi

Abin da ya fi cin sabon mai lamba 2 shi ne jifar layi, wato jefo ƙwallo daga layin gefe zuwa tsakanin sahun ƙungiyoyin biyu bayan ta fita daga fili. An jeru, an cilla mai tsalle sama, sai ƙwallo ta karkace ko ta wuce ta kansa. Doka a fili take: ƙwallo ta bi tsakiyar sahun nan biyu, ta yi aƙalla mita 5, kuma kada ka taka cikin fili kafin ta bar hannunka. In ta karkace alhali abokan karawa sun yi tsalle, zaɓi nasu ne, turereniya (inda 'yan gaban ƙungiyoyin biyu ke sarƙewa suna ture juna a kan ƙwallo) ko su yi jifar da kansu. Ka ba su ƙwallo a banza ke nan.

Yawanci daga ido matsalar take. Yaro sai ya tsura wa mai tsalle ido yana ƙasa, bayan kuwa inda hannayensa za su kai a sama can ne ake jefawa. Sai gwiwar hannu a wawware, da hannu ɗaya da ya fi ɗaya turawa. Matse gwiwoyin hannu, ɗaure ciki, hannun baya ya murza ƙwallo, na gaba ya saita ta, ka ƙare da yatsun hannu biyu suna nuna inda ka nufa. Ni dai abin da na yarda da shi: a yi alama a jikin turken gola, a jefa 20 daga mita 6, 20 daga mita 10, 20 daga mita 15. Kuma don Allah a daina wannan atisaye da busasshiyar ƙwallo da hutaccen jiki! Jiƙa ta, yi gudu har ka fara haki, sannan ka jefa. Haka za ta same ka a minti na 70.

A turereniya kuwa, duk wanda kansa da kafaɗunsa suka yi ƙasa da ƙugunsa, wuyansa yake wasa da shi. Hannayenka biyu suna kan masu lamba 1 da 3 da ke gefenka, in aka rushe ba ka da abin dogarawa. Miƙe gadon baya, ɗaga haɓa, ka bar ƙafa ɗaya a gaba a matsayin birki har alƙalin wasa ya yi kira na uku, wato na a haɗu.

Kai ƙafa kafin mai lamba 9 ya saka ƙwallo garaje ne, firikik za a ba abokan karawa. Ta ɓangaren mai lamba 1 take shigowa, saboda haka nauyinka a ƙafar hagu, ka sharo ta baya da dama. Sharowa, ba duka ba, in ba haka ba ta fice wa mai lamba 8 da ke can bayan turereniyar.

Saura kurakurai biyu. Riƙon rigar na gefenka sako-sako: damƙe ta ƙarƙashin hammata. Tsayawa kallo bayan ka jefa: ruga ka shiga curin da 'yan wasa suka yi a kan wanda ya cafe ƙwallo ta baya, ba ta gefe ba, don shiga ta gefe fanareti ne.