Yadda Ake Rubuta Takardar Share Fage ta Neman Tallafin Aiki

Masu ba da tallafi da yawa ba sa karɓar cikakkiyar takardar neman kuɗi tun daga farko. Sai su ce a fara aiko musu da gajeriyar takarda, galibi shafi 2 zuwa 5, wadda ke bayyana matsalar da ake son magancewa, hanyar da za a bi, waɗanda za su amfana da kuma kimanin abin da aikin zai ci. Ita ce takardar share fage. Da ita suke tace masu nema, sannan su gayyaci kaɗan daga ciki su kawo cikakken bayani. Wato ba ita ke kawo kuɗi ba, gayyata take kawowa. Wanda ya gane wannan ba zai ɓata shafi guda yana ba da tarihin ƙungiyarsa ba.

Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, ga kuma jadawalin maki. Abin da yake nema shi ne ya ga matsala guda da aka fayyace, aikin da ya dace da girman kuɗin da ake nema, da alƙaluman da ba sa saɓa wa juna. Duk sauran ado ne.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya

Ka karanta sanarwar neman masu buƙata daga farko har ƙarshe, har da takardun da aka maƙala mata. Ka fitar da abubuwa biyar a gefe: wa ya cancanci nema, a wane yanki za a yi aikin, mafi ƙaranci da mafi yawan kuɗin da za a bayar, tsawon lokacin aikin, da ranar rufewa tare da sa'arta. Takardu masu kyau da yawa suna faɗuwa tun kafin a karanta su, don ƙungiyar ba ta kai shekarun rajistar da aka nema ba, ko ta nemi kuɗi sama da iyaka, ko ta manta abokin haɗin gwiwar da aka wajabta.

Rajista ma tana cin lokaci. Mai neman tallafin ayyukan ƙasashen waje na Tarayyar Turai zai iya buƙatar rajista a PADOR, wato rumbun bayanan ƙungiyoyi masu neman tallafi, ya kuma aika takardarsa ta manhajar PROSPECT. Mai neman kuɗin gwamnatin Amurka yana buƙatar lambar shaida ta UEI daga shafin rajista na gwamnati, SAM.gov, wadda ta maye gurbin lambar DUNS a watan Afrilun 2022. Ba abin da za a bari sai makon ƙarshe ba ne.

Sai jadawalin maki, idan an wallafa shi. A tsarin Tarayyar Turai ana auna takardar share fage a kan maki 50, an raba su tsakanin dacewar aikin da manufar sanarwar da kuma ingancin tsarinsa, kuma wadda ba ta kai 30 ba ba ta wucewa. Ka jera sassan takardarka daidai da jerin tambayoyin jadawalin, ka yi amfani da kalmomin da suka yi amfani da su. Kada ka sa mai tantancewa ya yi ta lalube yana neman amsa a sakin layi na bakwai.

Bayanin matsala

Nan ne yawancin takardu suke mutuwa, don haka a nan ya kamata ka fi daɗewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta rashin maganin a matsayin matsalar. Wanda ya ce "matsalar ita ce babu cibiyar horaswa" ya riga ya yanke hukunci cewa cibiya ce magani, bai nuna wa kowa ciwon ba. Matsala hali ne da mutane suke ciki, wanda ake iya gani a kuma ƙirga.

A ɗauki misali. A ce ƙungiya tana son aiki a kan ruwan sha a ƙauyuka 12. Rubutu mai rauni zai ce: "Ruwa shi ne rayuwa, kuma miliyoyin mutane a duniya ba su da tsaftataccen ruwan sha." Gaskiya ne, amma mai ba da tallafi ya san wannan tun kafin ya fitar da sanarwa. Rubutu mai ƙarfi zai ce: "A ƙauyuka 12 da muka bincika akwai famfunan tuƙa-tuƙa 45, kuma 30 daga ciki ba sa aiki. A 24 daga cikin 30 ɗin, abin da ya lalace roba ce ko sandar ciki, ba rijiyar ce ta ƙafe ba. Babu makaniki ko ɗaya a yankin, babu mai sayar da kayan gyara, kuma kwamitocin ruwa ba su da asusu." Da jimloli uku mai karatu ya san girman abin, ya san musabbabinsa, har ya fara hango maganin da kansa. Ya kuma gane dalilin da ya sa haƙa sababbin rijiyoyi ba shi ne mafita ba.

Kowane adadi ka faɗi inda ya fito da shekararsa: binciken da kuka yi, rajistar asibiti, rahoton hukuma. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya jimla ɗaya ta ishe su. Na wurin aikin su ne masu daraja. Ka kuma faɗi wanda ya riga ka aiki a wurin da abin da ya bari ba a yi ba. Cewa "babu wanda ya taɓa yin komai" kusan kullum alama ce ta rashin bincike, kuma mai tantancewa zai iya sanin ƙungiyar da ya tallafa wa a can bara.

Manufa, sakamako da ayyuka

Waɗannan matakai ne daban-daban, kuma cakuɗa su na rage maki. Aiki shi ne abin da za ku yi: horas da makanikai, gyara famfuna. Abin da aikin ya samar kai tsaye shi ne makanikai 24 da aka horas, famfuna 30 da aka gyara. Sakamako kuwa shi ne canjin da ya faru ga mutane: famfo ya lalace a gyara shi cikin kwana uku maimakon wata shida. Can sama akwai babbar manufa, kamar raguwar cututtukan da gurɓataccen ruwa ke jawowa, wadda aikinku zai ba da gudummawa gare ta amma ba shi kaɗai zai cim mata ba.

Wannan tsari na hawa-hawa shi ne ƙashin bayan jadawalin tsara aiki da aka ƙirƙiro wa hukumar raya ƙasashe ta Amurka a 1969, wanda yawancin masu ba da tallafi suka ɗauka daga baya. Ba kowa ne ke neman cikakken jadawalin a wannan mataki ba, amma ka zana shi don kanka kafin ka rubuta. Ka gwada shi daga ƙasa zuwa sama: idan mun yi wannan, shin wancan zai faru? Inda amsar ta zama "sai in an yi sa'a", akwai aikin da aka tsallake ko zaton da ba a bayyana ba. A misalin famfo, horas da makaniki ba zai haifar da saurin gyara ba idan babu inda zai sayi roba. To dole a ga aikin samar da kayan gyara a cikin jerin.

Manufa ta musamman guda ɗaya ta isa, da sakamako biyu ko uku. Ka rubuta ta yadda za a iya aunawa: me zai canja, daga nawa zuwa nawa, ga wa, zuwa yaushe. "Inganta samun ruwa" ba a iya auna shi. "Ƙara yawan famfuna masu aiki daga 15 zuwa aƙalla 40 cikin 45 a ƙarshen wata na 18" ana iyawa. Lura cewa ba a ce 45 ba. Wanda ya yi alkawarin ɗari bisa ɗari ya nuna bai taɓa kula da famfo ba.

Game da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, ka ambaci ɗaya ko biyu da aikin ya taɓa da gaske. Aikin ruwa na muradi na 6 ne. Jera takwas ba ya ƙara komai.

Masu cin gajiya

Ka raba su biyu: waɗanda aikin zai taɓa kai tsaye da waɗanda amfanin zai kai gare su daga baya. Ka rarraba adadin bisa jinsi da shekaru, da masu buƙata ta musamman idan kana da bayanin, ka kuma faɗi yadda za a zaɓe su. Sannan ka yi lissafi, domin mai tantancewa zai yi. Famfuna 30 da mutum 60,000 na nufin mutum 2,000 a kan famfo guda, alhali ƙa'idojin Sphere na ayyukan jin ƙai sun sa iyakar mutum 500 ga famfon hannu ɗaya. Mutum 9,000, wato 300 a kowane famfo, adadi ne da za a yarda da shi. Kumbura adadi don a burge mai karatu yana zubar da amincin sauran takardar gaba ɗaya.

Kuɗi

A wannan mataki ba a cika neman kasafi dalla-dalla ba, amma kada ka faɗi adadin da ba ka gina shi daga ƙasa ba. Ka buɗe jadawalin lissafi, ka sa kowane abu da farashinsa da yawansa, sannan ka tattara su zuwa layi biyar ko shida. A misalinmu: gyara da kayan gyara Yuro 54,000, wato 1,800 a kan kowane famfo, horaswa 14,000, albashin ma'aikata 28,000, zirga-zirga 10,000, bibiya da auna sakamako 6,000. Jimlar kuɗin aiki kai tsaye 112,000 ke nan. Kuɗin gudanar da ofis, wanda Tarayyar Turai ke ƙayyade shi a kashi 7 cikin ɗari na kuɗin kai tsaye, ya kama 7,840. Duka 119,840. Raba shi da mutum 9,000 ya ba da Yuro 13 da 'yan kai ga kowane mutum, kuma wannan adadi yana da kyau a rubuta shi fili.

Iyakar kuɗin gudanarwa ta bambanta. Dokar tallafin gwamnatin Amurka ta ɗaga nata daga kashi 10 zuwa 15 a watan Oktoban 2024 ga ƙungiyar da ba ta riga ta daidaita da gwamnati a kan wani kaso nata ba. Gidauniyoyi masu zaman kansu kowace da nata. Ka duba, kada ka ɗauko na wannan ka kai wa wancan.

Dalilin yin lissafin tun yanzu shi ne adadin zai ɗaure ka. A tsarin Tarayyar Turai, kuɗin da ka nema a cikakkiyar takarda ba zai bambanta da na takardar share fage da fiye da kashi 20 cikin ɗari ba. Wanda ya rubuta 100,000 da ka, daga baya ya gano aikin zai ci 140,000, sai dai ya yanke aikin ko ya nemo cikon a wani wuri. Idan kuma sanarwar ta ce mai nema zai kawo nasa kason, misali kashi 10, ka faɗi inda zai fito. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ku su wane ne, kuma me zai rage bayan kuɗin ya ƙare

Sakin layi ɗaya ya ishi ƙungiyarku: shekarar rajista, aiki ɗaya ko biyu makamantan wannan da kuka kammala, girman kuɗin da kuka taɓa riƙewa, da ko ana binciken asusunku duk shekara. Ƙungiyar da mafi girman tallafin da ta taɓa sarrafawa 20,000 ne, in ta nemi 500,000 za ta sha wuya. Ya fi mata ta shiga a matsayin abokiyar haɗin gwiwa ta babbar ƙungiya. Kada kuma a sa sunan abokin aikin da ba a yi magana da shi ba. Ana iya kiransa a tambaya.

Ɗorewa ita ce tambayar da aka fi amsawa da kalmomi marasa ciki. "Al'umma za ta rungumi aikin" ba amsa ba ce. Amsa ita ce: wa zai biya kuɗin gyara a shekara ta uku, nawa kowane gida zai riƙa bayarwa, wa ke riƙe da asusun, wace hukuma ta sa hannu cewa za ta karɓi kula da famfunan. Haka haɗurra. Ka ambaci biyu ko uku na gaske, kamar makanikan da aka horas su bar yankin ko farashin kaya ya tashi, da abin da za ku yi a kan kowanne. Ambaton haɗari ba ya rage maki. Ɓoye wanda kowa ke gani shi ke ragewa.

Gyara da aikawa

Ka rubuta taƙaitaccen bayanin farko a ƙarshe, bayan komai ya zauna, cikin jimla huɗu ko biyar: matsala, magani, mutum nawa, wata nawa, kuɗi nawa. Take ya faɗi abin da za a yi da inda za a yi. Ka bi ƙa'idar yawan shafuka da girman haruffa yadda aka gindaya, domin wasu masu tantancewa ba sa karanta abin da ya wuce iyaka, wasu manhajoji kuma suna datse rubutu da zarar haruffa sun cika.

Ka ba wanda bai san aikin ba ya karanta na minti biyar, ka karɓe takardar, ka ce ya faɗa maka me za a yi da nawa. Inda ya yi tuntuɓe, nan za ka gyara. Sannan ka bi kowane adadi ɗaya bayan ɗaya: idan shafi na 1 ya ce ƙauyuka 12, kada shafi na 3 ya ce 15 saboda an kwaso daga tsohuwar takarda. Ka binciko sunan mai ba da tallafin da aka aika wa a baya ma, yakan maƙale a wani lungu.

Ka aika kwana biyu kafin rufewa. Sa'ar rufewa galibi ta birnin mai ba da tallafin ce, ba taka ba, kuma manhajojin aikawa sukan yi nauyi a ranar ƙarshe. Ka adana saƙon shaidar karɓa. Idan an gayyace ku, lokacin da ake bayarwa na cikakkiyar takarda yakan zama 'yan makonni kawai, don haka ku fara tara takardun rajista, rahoton binciken asusu da wasiƙun abokan aiki tun kuna jiran amsa. Idan ba a ɗauke ku ba, ku nemi makin da aka ba kowane sashe. Da yawa suna bayarwa, kuma da shi za ku san ko bayanin matsalar ne ya gaza ko tsarin aikin, kafin sanarwa ta gaba ta fito.